Kafin ka taɓa gas, duba ruwa: yadda ake gano matsalar injin hitfam mai aiki da ruwa

'Yan'uwa masu gyaran AC da firij, wannan rubutun naku ne, musamman wanda aiki ya kai shi ƙasashen sanyi ko manyan otal da dogayen benaye ya tarar da wani inji a saman silin ko cikin wani ɗan lungu, kamar AC amma babu na waje, sai dai tiyo biyu na ruwa suna shiga jikinsa. Shi ne hitfam mai aiki da ruwa, wato injin da ke kwasar zafi daga wani wuri ya kai wani, yana sanyaya ɗaki yana kuma ɗumama shi. A Amurka da Kanada ya cika otal-otal da makarantu da ofisoshi, kamfanoni irin su ClimateMaster da WaterFurnace da Trane da Carrier da Daikin duk suna ƙera shi. Kuma ba sabon abu bane, tun 1938 aka kafa irinsa a ginin majalisar birnin Zurik na ƙasar Suwizalan yana ɗumama ginin da ruwan kogin Limmat.

Cikinsa duk abinda ka sani ne, kwamfireso, gas, koyil na iska, fanka, bawul mai matse gas. Abu biyu ne kawai suka bambanta shi da AC ɗin gida. Na farko maimakon kwandensa da fanka a waje, yana da wani nannaɗaɗɗen bututu, bututu a cikin bututu, ruwa na bi ta na ciki gas na zagaye shi ta na waje, mu koyil ɗin ruwa muke ce masa. Na biyu akwai bawul mai baki huɗu da ke juya hanyar gas, da zafi ya kwashi zafin ɗaki ya zuba wa ruwa, da sanyi ya kwaso zafi daga ruwa ya zuba a ɗaki. Ruwan kuwa ko dai yana zagaye ginin a rufe, da boila mai ɗumama ruwan da kulin-tawa mai sanyaya shi suna riƙe shi tsakanin digiri 16 zuwa 32 na Salshiyas, ko bututu ne aka binne a ƙasa ko cikin tafki, ko kuma daga rijiyar burtsatse ake janyowa.

Toh ga abinda yasa na zauna rubuta wannan. Mu da muka taso a gyaran AC na iska muna da wata ɗabi'a, da an ce baya sanyi sai a ɗaura geji, wato ma'aunin matsin gas, a ce gas ya ragu. A wannan injin wallahi ɗabi'ar nan ɓarna take yi, domin gas ɗin da ke cikinsa kaɗan ne kuma a aune yake daga kamfani, kowane ɗaura geji kana zubar da wani abu a cikin tiyo, ka yi sau uku sau huɗu sai kaga ka haifar da matsalar da da babu ita. Ni dai a abinda na gani a aiki, yawancin kiran da ake mana ruwa ne ko iska ko wuta, gas shi ne na ƙarshe. Saboda haka a jere zan kawo yadda nake bi.

Mataki na 1: tambaya, sannan ka karanta fitila kafin ka kashe wuta

Tambayi mai kula da ginin, inji ɗaya ne ya tsaya ko da yawa? Wannan tambayar kaɗai ta raba maka aiki gida biyu. In duk ginin ne ko duk hawa ɗaya, kada ka ɓata lokaci a ɗaki, wuce ɗakin injina ka duba babban famfo da kulin-tawa da boila. In na hawan ƙarshe ne kawai suke damuwa, zargi iska a cikin bututu don sama take taruwa. In guda ɗaya ne toh matsalar tana jikinsa ko a tiyonsa.

Sai ka buɗe murfi ka kalli fanel. Kusan dukkansu suna da 'yar fitila mai ƙiftawa tana faɗin dalilin da yasa injin ya kulle kansa. Kada ka kashe wuta kafin ka ƙirga, a wasu injinan da ka kashe shikenan ka goge shaidar. Misali a fanel ɗin CXM na ClimateMaster, ƙiftawa 2 matsin gas ya yi yawa, 3 matsi ya faɗi, 4 koyil ɗin ruwa na neman daskarewa, 5 koyil ɗin iska ne ke neman daskarewa, 6 ruwan raɓa ya cika tire, 7 wuta ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Kowane kamfani da nasa lissafin, galibi an manna takardar a bayan murfin, ita zaka bi.

Kuma don Allah a daina yawan riset. Injin da ya kulle kansa ya riga ya gwada tashi da kansa ya kasa, kai kuma ka zo kana kashewa kana kunnawa baka san dalili ba, kwamfireso kake kashewa a hankali.

Mataki na 2: wuta

Wannan ba zan daɗe a kai ba don kun san shi. Bireka, fis, sannan ka auna wutar da ke shigowa ka gwada da ta jikin lambar inji, kada ta kauce fiye da kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa, kuma ka auna lokacin da kwamfireso ke ƙoƙarin tashi ba yana kwance ba. Duba taransifoma ko tana bada bolt 24. Duba tamostat, in kana zarginsa haɗa bakin wayoyin da aka rubuta wa R da Y da G a fanel ka gani ko inji zai tashi. Ka tuna akwai jinkirin kamar minti 5 da fanel ke yi kafin ya sake tada kwamfireso, yara da yawa suna ɗauka lalacewa ce, ba ita bace, kariya ce. In kwamfireso na gurnani baya tashi, kafasita zaka fara aunawa, ka kashe wuta ka sauke cajinta tukuna kafin ka sa hannu. Kontakta da ta ƙone baki a canza ta.

Mataki na 3: iska

Ciro filta ka ɗaga ta a haske. Injinan nan a saman silin suke, inda ba mai son hawa, sai ka tarar da filtar da ta shekara ba a taɓa ba ta zama kamar bargo. Ana son iska kamar CFM 400, wato ƙafa kubik 400 a minti, ga kowane tan ɗaya na ƙarfin sanyayawar inji. In iska ta yi kaɗan lokacin sanyaya ɗaki, koyil zai yi ƙanƙara matsi ya faɗi, in kuma lokacin ɗumamawa ne matsi zai hau ya kulle da lambar matsi mai yawa, domin a lokacin koyil ɗin iska shi ne kwandensa. Riƙe wannan da kyau, matsi ya hau ana sanyayawa zargi ruwa, matsi ya hau ana ɗumamawa zargi iska. Auna zafin iskar da ke shiga da wadda ke fita, a sanyayawa bambancin kamar digiri 8 zuwa 14 ne. Leƙa koyil ɗin da tocila, taɓa fanka ka ji ko tana juyawa sosai, in mai bel ce duba bel.

Mataki na 4: ruwa, nan ne aikin yake

Fara da abinda ido ke gani. Bawul ɗin shiga da na fita a buɗe suke gaba ɗaya? Na taɓa zuwa wani gini an kira mutum biyu kafin ni, ɗaya ya ƙara gas ɗaya yace kwamfireso ne a sayo sabo, ashe masu fenti ne suka tokari hannun bawul da tsani ya rufe rabi. Na buɗe, na kwashe gas ɗin da aka cusa na auna daidai na mayar, inji ya cigaba da aiki. Abin ya dame ni sosai don saura kaɗan a sa mai ginin asarar kuɗi masu yawa a banza. Duba tiyo ma ko ya lanƙwashe. In akwai bawul mai mota da ke buɗewa idan inji ya tashi, tsaya ka tabbatar yana buɗewa ɗin kafin kwamfireso ya kama.

Sannan rariyar ruwa, wato 'yar ragar da ke kan layin shiga mai siffar Y. Rufe bawul biyun, sa bokiti, kwance ta ka wanke. Abinda ka gani a ciki ma labari ne, in baƙin gari ne ko tsatsa bututun ginin ke ci, in yashi ne daga rijiya yake, in wani jan abu ne mai yauƙi kamar kunu toh ƙwayoyin cuta ne masu cin ƙarfen cikin ruwan rijiya, in gansakuka ce kulin-tawa ba a kula da ita.

Yanzu sai awo. A bakin shiga da fitar ruwa yawanci akwai wasu 'yan ƙofofi masu roba a ciki da ake tsira allurar ma'aunin zafi ko ta geji ba tare da ruwa ya zuba ba. Bari inji ya yi aiki minti 10 zuwa 15, ka auna zafin ruwan shiga da na fita da ma'auni ɗaya, ba biyu daban ba, don bambancin da kake nema ƙarami ne kuma ma'auni biyu sukan saɓa. Injin da ke kan rufaffen layi yana son ruwa kamar galan 3 na Amurka a minti ga kowane tan, kusan lita 11 kenan, na rijiya kuwa kamar rabin haka ko sama kaɗan. In ruwa na gudu daidai, a sanyayawa zai fito ya fi yadda ya shiga zafi da digiri 5 zuwa 7, a ɗumamawa zai fito ya fi sanyi da digiri 2 zuwa 4.

Ga yadda ake karanta shi. Bambanci ya yi yawa, kamar digiri 11 ko 12 a sanyayawa, ruwa ne baya gudu, ɗan wanda ke wucewa shi ke ɗaukar duk zafin. Koma kan rariya, bawul, famfo, iska a layi. Bambanci ya yi kaɗan, kamar digiri 1 ko 2, alhali ruwa na gudu lafiya, toh injin ne baya aikinsa, yanzu ka sami hujjar zargin ɓangaren gas ko koyil da ya toshe da datti.

Don sanin yawan ruwan da ke wucewa, auna matsin ruwa a shiga da fita da geji ɗaya, ka cire, ka duba jadawalin da ke littafin injin zai faɗa maka wannan faɗuwar matsin lita nawa take nufi. Daga nan ga lissafin da nake so kowa ya haddace: lita a minti, sau bambancin zafi, sau 0.07, zai baka kilowat ɗin zafin da injin ke zubawa ruwa. Misali inji tan 2, ruwa lita 23 a minti, bambanci digiri 5.5, ka buga zaka samu kusan kilowat 8.9. Tan ɗaya kilowat 3.5 ne, biyu 7 kenan, sauran kuma zafin wutar da kwamfireso ke ci ne, kaga lissafi ya fita, injin nan lafiyarsa lau ba sai ka ɗaura geji ba ko kaɗan. In da bambancin digiri 2 ne sai ka samu kilowat 3 da ɗoriya, bai kai ko rabi ba. In akwai maganin hana daskarewa a cikin ruwan, lambar 0.07 ɗin tana raguwa kaɗan. Ni a ganina wannan lissafin ya fi geji amfani a wannan injin, baya zubar da gas kuma baya ƙarya in ma'auninka mai kyau ne.

Duba kuma zafin ruwan da ke shigowa kansa. In ana tsakiyar zafi ka ga ruwa na shigowa da digiri 38 ko 40, babu laifin injin, kulin-tawa ce, fankarta ta tsaya ko bel ya tsinke ko famfon feshi ya mutu ko ruwan cikinta ya yi ƙasa. In da sanyi ne ruwa na shigowa ƙasa da yadda aka saita, boila ce. Wata magana a gefe amma mai muhimmanci, in zaka wanke kulin-tawa kashe fanka ka rufe hanci da baki da abin kariya mai kyau, ruwan ɗumi da ya zauna a cikinta yana raya ƙwayar cutar lijinela mai kama huhu, wadda aka gano bayan ɓarkewar da ta yi a wani taro a otal a Filadelfiya a 1976. Kada ka raina wannan.

Iska a layi kuwa zaka ji ta, ruwa na ƙara kamar ana kurkure baki, allurar geji na rawa. Buɗe mafitar iska da ke can sama, duba matsin layin da tankin da ke riƙe matsi. In layin da aka binne a ƙasa ne, sai an kawo babban famfon wanki an kora ruwa da gudun da ya kai ƙafa 2 a sakan kafin iskar ta fita, ƙaramin famfon injin ba zai iya ba.

Sai batun ƙanzo. Kun san farin abin nan da ke kamawa a gindin butar dafa ruwa in ruwan wuri mai nauyi ne, toh shi ne ke kama cikin koyil ɗin ruwa, musamman na rijiya. Alamarsa, ruwa na gudu kusan daidai, ba zafi ya shigo da shi ba, amma matsin gas na sama ya hau, kuma in ka duba zafin da gas ke komawa ruwa-ruwa a jadawalin matsi ka gwada da zafin ruwan da ke fita zaka ga tazara mai faɗi fiye da yadda littafi yace. Maganinsa wanki da asid mai sauƙi da aka yi don wannan aikin. Rufe bawul ka raba injin da layin gini, haɗa ƙaramin famfo da bokiti, ka zagaya maganin ta baya, wato ya shiga ta mafita, har kumfa ta daina tashi, sannan ka ɗauraye da ruwa mai yawa. Safar hannu da tabarau dole. Kada ka zuba ruwan batir ko wani asid mai ƙarfi, zai huda jan ƙarfen. Wanda zai sayi sabon inji don ruwan rijiya ya nemi mai koyil na gaurayen jan ƙarfe da nikel, ya fi jure ruwa mara kyau, kuma a kai ruwan a gwada tun kafin a kafa.

Mataki na 5: kullewar daskarewa

Wannan na ware shi daban don shi ne mai kashe inji gaba ɗaya. A ɗumamawa koyil ɗin ruwa ne ke yin sanyi, in ruwa ya rage gudu sai ya daskare a ciki, ƙanƙara ta fasa bututun ciki, ruwa ya shiga hanyar gas har cikin kwamfireso. In haka ta faru sau da yawa sayen sabo ya fi gyara sauƙi. Akwai sensa a jikin bututu da ke tsayar da inji kafin a kai nan, a CXM tana yankewa wajen digiri ɗaya ƙasa da sifili in ruwa zalla ne, in an zuba maganin hana daskarewa ana yanke wata 'yar waya a fanel ta koma wajen 12 ƙasa da sifili. Kada ka yanke wayar nan don kawai inji ya daina damunka, sai ka auna ƙarfin maganin da ke cikin ruwan ka tabbatar ya isa. Kuma kada ka tsallake sensar da waya. In kana zarginta cire ta ka auna, irin wannan yawanci om 10,000 take nunawa a digiri 25, ka duba kuma ko ta saki jikin bututu.

Mataki na 6: ruwan raɓa

In silin na ɗiga ko fitila ta nuna tire ya cika, zuba ruwa a tiren ka gani yana tafiya ko a'a. Busa ko zuƙe bututun fitar, wanke lanƙwasar tarkon ruwa, ka tabbatar injin ya ɗan karkata zuwa mafita. Sensar cikin tire ma datti kan sa ta yi ƙarya, goge ta.

Mataki na 7: yanzu ne ka ɗaura geji

Sai wuta da iska da ruwa duk sun fita daga zargi. Yi amfani da gajeren tiyo ko geji mai maƙalawa kai tsaye don kada gas ya zube. A injin R-410A makunnin matsi mai yawa yana yankewa wajen psi 600, in ka ga allura na tafiya can kashe da kanka kada ka jira. Kada ka tsaya a matsi kaɗai, auna zafin bututun tsotso da na ruwan gas ka fitar da sufahit, wato digirin da gas ɗin tsotso ya haura zafin tafasarsa, da sabkul, wato digirin da ruwan gas ya sauka ƙasa da zafin da ya koma ruwa-ruwa. Matsin tsotso ƙasa, sufahit sama, sabkul ƙasa, gas ne ya ragu, akwai yoyo. Matsin tsotso ƙasa, sufahit sama, amma sabkul daidai ko sama, ba ƙarancin gas bane, toshewa ce ko bawul ɗin matse gas ya maƙale, in ka ƙara gas a nan matsi kawai zaka hauhawar. Duba 'yar kwalbar bawul ɗin, wadda ke manne da bututun tsotso tana jin zafinsa, ko ta saki bututu ko rufinta ya cire.

In inji na hura ɗumi alhali sanyi aka nema, ko akasin haka, bawul mai baki huɗu ne. A yawancin injina ana ba shi wuta ne lokacin sanyayawa ta wayar O, wasu kamfanoni kuma ta wayar B lokacin ɗumamawa, saboda haka in kwanan nan aka canza tamostat fara duba saitinsa, sau da yawa nan kuskuren yake. Auna bolt 24 a koyil ɗin bawul, saurari ƙarar juyawarsa. Yana buƙatar bambancin matsi kafin ya juya, kwamfireso mai rauni ko gas da ya ragu kan sa ya maƙale a tsakiya. In yana yoyo a ciki zaka ga matsin sama ya sauko na ƙasa ya hau, kuma bututun tsotso ya fi ɗumi bayan ya fita daga bawul fiye da kafin ya shiga da sama da digiri 2. Kwamfireso mai mutuwa ma haka matsinsa ke nunawa, don haka ka auna zafin bututun nan da amfiyar da yake ja kafin ka yanke wa ɗayansu hukunci.

In yoyo ne, kada ka yi ciko ka tafi. Kwashe gas ɗin a silinda, sa naitirojin ka nemo wurin, ka tuna yoyon zai iya kasancewa a cikin koyil ɗin ruwa inda kumfar sabulu ba zata nuna ba, sai ka rufe ɓangaren ruwa ka tsiyaye shi ka ga ko matsi na taruwa a can. Gyara, canza diraya mai tace gas da tsotse danshi, ja bakyum, wato ka zuƙe iska da danshi, zuwa maikiron 500 a ma'aunin bakyum ka ga ya tsaya, sannan ka zuba gas da sikeli daidai nauyin da aka rubuta a jikin inji, R-410A kuma a ruwa-ruwansa ake fitar da shi daga silinda. Sababbin injina yanzu suna zuwa da R-454B ko R-32 waɗanda kan iya kama wuta, karanta lambar kafin ka kunna wutar walda.

In ka gama, bar shi ya yi aiki a sanyayawa da ɗumamawa duka, ka sake auna zafin ruwa shiga da fita, matsin ruwa, zafin iska, bolt da amfiya, ka rubuta su da kwanan wata a takarda ka manna a cikin murfin. Ka gaya wa mai ginin a riƙa duba filta duk wata ɗaya zuwa uku, rariya da tire kuma kafin shigar zafi da kafin shigar sanyi, in na rijiya ne a duba koyil ɗin ruwa duk shekara.